Wai me za mu kira baktiriyar da ke zaune a hanji?

Jama'a ku taimaka min da kalma don Allah. Bayani nake haɗa wa 'yan mata kan abinci da ƙarfin ƙashi, da na zo kan abin da likitoci ke cewa maikrobayom, wato baktiriyar da ke zaune a hanjin kowa, sai na tsaya cak.

An fi rubuta "ƙwayoyin cuta masu amfani", ni kam ban yarda da shi ba. Ka ce wa yarinya akwai tiriliyoyin ƙwayoyin cuta a cikinta sannan ka ce ta ciyar da su? Kemis za ta nufa ta sayo antibayotik, shi ne kuwa ke karkashe su, masu kyau da marasa kyau gaba ɗaya.

Wata anti ta ce "tsutsar ciki mai kyau". Anti ki yi haƙuri wannan ya fi haɗari, tsutsa cuta ce kuma ana ganinta da ido, waɗannan sai da madubin likita.

Bari in faɗi aikinsu ko sunan zai fito. Akwai ɓangaren abinci da ciki ba ya iya narkarwa, irin ɓawon wake, dusar gero, ganyen zogale da kuka, shi ne yake wucewa babban hanji su kuma su tsimar da shi su fitar da wani tsami da ke taimaka wa hanji ya tsotsi kalsiyam, kalsiyam ɗin nan kuwa kusan kashi 99 cikin 100 na wanda ke jikin mutum a ƙashi da haƙora yake. Abin da ya dame ni shi ne ƙashi yana gama tara ƙarfinsa wajen shekara 30, idan mace ta daina al'ada kuma sai ya riƙa zaizayewa da sauri. To yarinyar da ke karyawa da lemon kwalba da biskit, ta raina fura da nono wai abincin ƙauye, me ta tara? Ga kindirmo nan a ƙwarya, ga kalsiyam ga baktiriyar da ta tsamar da shi, dangin na hanjin ne.

Wani malaminmu ya kawo "ƙananan halittun hanji". Malam ma'ana ta fita sarai, sai dai ya yi tsawo a baki, kuma bai nuna cewa 'yan gida ne ba.

Ni na tsaya kan "mazauna hanji". Babu cuta a ciki, babu ƙwaya balle a yi zaton ta haɗiya ce, kuma yana shiga magana ba gargada: ki ci wake da zogale don mazauna hanjinki, kar ki sha antibayotik sai likita ya rubuta. Shi zan sa a takardar. 'Yan'uwa na Maraɗi da Damagaram, idan bai zauna a kunnenku ba ku faɗa min kafin in buga.