Yaron Portland da gidan da ya gada: musayar baitoci mai amsa-amon "go"

Bazazzagi Sifili Biyu (Litinin, 15 ga Afrilu 2024, bayan asuba)
Salamu alaikum 'yan zaure. Kakar NBA, gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ta rufe jiya, Portland ta tashi da nasara 21, ta sha kashi 61. Tun da Damian Lillard ya koma Milwaukee aka ce Scoot Henderson, da Portland ta ɗauka a zaɓen sababbin 'yan wasa, shi ne magaji a wajen rabon ƙwallo, ni kuma ban daina tashi cikin dare ina kallonsa ba. Ga nawa, ƙwar huɗu ce, babban amsa-amo "go". Duk wanda zai shigo ya riƙe shi.

Da sunan Rabbana nake farawa,
Batun wani yaro nake kawowa,
Ɗan sha tara ya zo, gwanin tserewa,
Henderson, shi ne jigo.

Na uku a zaɓe Portland ta ɗauka,
Lillard ya tashi, ya ɗaure jaka,
Suka ce yaro, gidan nan naka,
Ya duba, ashe gidan kango.

Ba ginshiƙi, ba rufi, ba ƙofa,
Tun a Nuwamba ya gurɗe ƙafa,
Ya warke ya dawo yana ta jefa,
Ya ƙi ya kwanta cikin bargo.

Maki sha huɗu a kowane wasa,
Rabo biyar har da ɗori bisa,
Ku ba shi lokaci, zai yi nisa,
Ni dai tun yanzu na hango.

Ɗan Fagge
Wa alaikumus salam. Bazazzagi da hangen nesa! Yau na ga abin mamaki.

Bawan gidanmu, sannu da hange,
Ka hau katanga ka leƙa shinge,
Rabin lissafi ka bi ka goge,
Tsaya in karanto maka ɗango.

In ya yi jifa ɗari a fili,
Fiye da sittin asara, ba dalili,
A rigarsa ma an rubuta sifili,
Har guda biyu, sannu ango.

Rabo biyar ka faɗa ka yi shiru,
Kyautar da yake wa maƙiya ta ƙaru,
Uku da ɗori a dare in an taru,
Har miƙa ƙwallo yake wa bango.

Daren Miami, cikin azumi,
Muna jiran sahur muna ta gumi,
Tazarar maki sittin, sai tagumi,
Ina jaruminka? Ya ya da zango.

142 da 82 aka tashi, don kada ka ce ƙage na yi. A mintunan da yake cikin fili an fi su da maki 58, kuma tun da aka fara ajiye irin wannan lissafi ba a taɓa rubuta wa ɗan wasa haka ba.

'Yar Maraɗi
Kai, Yaya Ɗan Fagge, Allah shi ƙara basira! Baitin bango ya sa na zubar da shayi. Amma ku duka kun bar babban zance.

Kuna ta faɗa kan na uku,
Na ɗaya na nan, ya fi ƙarfinku,
Ɗan Faransa ya toshe kwandonku,
Wembanyama, ga dogo!

Sani Mai Shayi
Ɗan Fagge ya gama wasan. A rufe zauren kawai.

Bazazzagi Sifili Biyu
Sani, kai ko atishawa Ɗan Fagge ya yi tafi za ka yi, unguwarku ɗaya. Bari in fara da ƙanwata.

Ƙanwata, a hankali da guɗa,
Dogonki nasara nawa ya haɗa?
Ashirin da biyu, kin ji na faɗa,
Ɗaya ce tazara, kanki ki ɗago.

A Nevada sun kara, in kin tuna,
Talatin da bakwai dogo ya nuna,
Amma ƙungiyar namu ta yi murna,
Sanyi ya ratsa ki har ɓargo.

A Oktoban 2022 ke nan, Scoot ya zuba 28 kuma Ignite, ƙungiyar renon matasa ta NBA da yake buga wa a lokacin, ta ci wasan. Sai kai kuma:

Kai kuwa Bakano, ɗan kasuwa,
Komai a wurinka riba da faɗuwa,
Yaro ba atamfa ba ne ta sayarwa,
Ka koma Kwari ka ci rogo.

Ka tuna da Miami, ka manta da maki 33 da ya zuba wa Phoenix a Janairu. Zaɓen tuni ke gare ka.

Ɗan Fagge
A wasan Phoenix ɗin wa ya ci? Ka yi shiru ko? To karɓi wannan.

An kai shi likita an gwada ido,
An sa tabarau don ya ga kwando,
Ya dawo fili yana ta ado,
Abin da ka hango ya kasa hango.

Koci Ɗanlami
Ni ba mawaƙi ba ne, yara nake horarwa, amma ku bar ni in faɗi abin da na gani. Matsalar yaron ba gudu ba ce, ba kuma ƙarfi ba. Idan Ayton, dogon ƙungiyarsu, ya zo ya tare masa mai tsaronsa, mai tsaron ba ya bin sa ta sama, zagayawa yake ta baya ya jira shi kusa da kwando, don ba ya tsoron jifansa na nesa. Jifan maki uku 32 da ɗan abu yake ci a cikin 100. To da ya kutsa sai ya tarar da dogaye sun cika wurin, ko dai ya jefa a takure ko ya miƙa a makare, nan ne ƙwallo ke zubewa. Su kuma waɗanda za su buɗe masa fili, Simons ya ji ciwo a babban yatsa tun wasan farko, Sharpe an yi masa tiyata a tsakiyar kaka. Ranar da jifansa ya fara shiga dole a bi shi ta sama, hanya ta buɗe. Darius Garland ma haka ya sha zagi a Cleveland a shekararsa ta farko, ya zo ya shiga wasan taurari a 2022. Ga nawa baitin, ku yi haƙuri da shi.

Mai rabon ƙwallo aikinsa da wuya,
Ido a gaba, tunani kuma yana can baya,
Ba a koyonsa a shekara ɗaya,
Ko da kuwa shi ba rago... ba ne. Rago dai.

Sani Mai Shayi
Koci, ka koma busa usur don Allah.

Malam Na-Arul
Na yi shiru na yi shiru, abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Tun farko Bazazzagi bai faɗa mana a kan wane bahari ya ɗora waƙarsa ba, shi ya sa kowa ke tafiya yadda ya ga dama. Ɗan Fagge, duba baitinka na biyu. "In ya yi jifa ɗari a fili" gaɓa 10 ce. "Fiye da sittin asara, ba dalili" gaɓa 12. Wannan ɗango ne ko layin mai? Na Koci kuwa ba zan taɓa shi ba, Allah ya ba shi lafiya. Haɗa ƙarshen kalmomi ba shi ne waƙa ba.

Ɗan Fagge
Allah gafarta Malam, ni ba almajirin arul ba ne. A kan kalangu na ɗora tawa. In makaɗi ya rage hannu gaɓa 12 za ta shige inda 10 ta shige.

Malam Na-Arul
To ka turo mana makaɗin. Abin da muke gani a nan rubutu ne, rubutacciyar waƙa kuma da ma'auni ake auna ta.

Malama Asabe
Malam, da girman kujerarka, amma ƙirgen gaɓa ba shi ne arul ba. Halilu ɗan Ahmad na Basra nauyi ya auna, ba yawa ba: gaɓa mai nauyi da marar nauyi. Kuma kowa ya san a waƙoƙinmu gaɓa biyu marasa nauyi kan zauna a gurbin ɗaya mai nauyi, ɗango ya fi ɗan'uwansa tsawo a ido amma a kunne su zo daidai. Ban ce ɗangon Ɗan Fagge lafiyarsa ƙalau ba, yana ɗingishi a "asara", amma ba hujjarka ce ta kama shi ba.

Malam Na-Arul
Malama, ban ce yawa kaɗai ba. Na fara da abin da yaro zai gane ne. In yanka ɗangon ƙafa-ƙafa kike so, zan yanka.

Malama Asabe
Yanka mu gani. Ka fara da faɗin baharin.

Sani Mai Shayi
Malama ta fi Malam! Ni dai ina bayan Fagge ko da gurgu ne.

Bazazzagi Sifili Biyu
Jama'a, Henderson fa muka zo yi.

Malam Na-Arul
Za a koma kansa. Ga misali tukuna, don masu koyo.

Ya ku masu waƙa, ku auna kari,
Ku san ƙafafu, ku san bahari,
Baiti ba a yin sa da gaggawa da garaje da sauri,
Sai an saita hannu ake cin kwando.

'Yar Maraɗi
Malam, "do"?

Sani Mai Shayi
Malam ina "go" ɗin?

Malama Asabe
Ɗango na uku kuma ka ƙirga mana gaɓoɓinsa da kanka, tunda kai ne mai ƙirge.

Ɗan Fagge
Malam ya shigo da niyyar suka,
Ya ce baitocinmu guragu ne duka,
Da ya tashi nasa sai ga shi ya sauka,
A "do", ya ɓace wa hanyar "go".

Malam Na-Arul
Misali na bayar a kan kari, ba shiga musayarku na yi ba, don haka amsa-amonku bai hau kaina ba.

Baban Zongo, Kumasi (Laraba da dare)
Yarana, sai yau na samu zama. Ban karanta rigimar malamai ba, ta yi mini tsawo. Bazazzagi nake amsawa. Kun yi ta maganar yaro, ba wanda ya dubi mutumin da ke tsaye a bakin fili yana ba shi umarni.

Billups ɗin nan da ke ba shi horo,
Shi ma na uku ne yana yaro,
Boston ta sallame shi ba tsoro,
Kafin kaka ta kai zango.

Toronto, Denver, ya sha yawo,
Minnesota ma ya je ya dawo,
Detroit ta kira shi ta ce ka kawo,
Ya kawo kofi, ya zama jigo.

A 1997 aka zaɓe shi, sai a 2004 ya zama gwarzon wasan ƙarshe da suka doke Lakers. Na ga duka biyun da idona a talabijin. Kuma masu kwatanta yaron da Lillard su tuna Lillard shekara huɗu ya yi a jami'ar Weber State, ya shigo yana da 22. Wannan ko jami'a bai shiga ba.

Bazazzagi Sifili Biyu
Allah ya ja kwana, Baba! Magana ta ƙare. Sani, yanzu sai ka rufe zauren.

Ɗan Fagge
Baba, ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa, amma sandar da ka miƙo ni ta fi yi wa amfani.

Baba, na durƙusa, na ji batunka,
Amma ka duba cikin labarinka,
Ba Boston ce ta ci moriyar ɗanka ba, ka ji naka,
Detroit ta kwashe da ta shigo.

Gidan nan da zaɓe ba su da sa'a,
Hakeem ya tafi Houston, ku ji jama'a,
Suka ɗauki Bowie, abin ba'a,
Suka bar Jordan ya tafi Shikago.

Wannan a 1984. A 2007 suka maimaita, suka ɗauki Oden suka bar Durant. Rabonsu da kofi tun 1977. In yaron zai zama wani abu, ina jin sai a wata riga. Ita Ignite ɗin da ta raine shi ma a watan jiya NBA ta sanar za ta rufe ta.

Bazazzagi Sifili Biyu
Ban yarda ba! Shikago sunan gari ne na Amurka, ba a cike amsa-amon Hausa da shi. In haka ne ni ma zan kawo Togo da Kongo mu kwana a nan. Malam, a yi hukunci.

Malam Na-Arul
Yanzu kuka san da Malam? Sunan gari ya halatta a amsa-amo, ba laifi. Laifin yana ɗango na uku na baitin farko, inda ya rasa yadda zai yi da "ba" ya jawo "ka ji naka" ya liƙa. Wannan ciko ne, kuma cikon ma ya fi ramin girma.

Malama Asabe
A nan kam ina tare da Malam.

Sani Mai Shayi
Haɗin baki ne. Malama daga Zariya ta yi karatu, kowa ya sani.

Malama Asabe
Malam kuma fa, a Fagge aka haife shi ko a Tudun Wada?

Bazazzagi Sifili Biyu
To tunda an halatta, ga amsarka, Bakano.

Bowie da Oden ƙafa ta ci su,
Ba rashin iyawa ta kayar da su,
Namu ƙafafunsa, Allah ya tsare su,
Baɗi war haka za ka rugo.

Ka zo da kilishi, ka zo da goro,
Ka durƙusa gaban wannan yaro,
In jifansa ya haura arba'in, ba tsoro,
In bai haura ba, ni zan biya rago.

Ɗan Fagge
'Yan zaure ku shaida, rago ya ce. Mai ƙaho nake so, ba irin na Koci ba.

Koci Ɗanlami
Ni me na yi kuma?

'Yar Maraɗi (Talata, 7 ga Mayu)
Na ga zaure ya yi tsit, na ce bari in share ƙura. An ba Wembanyama kyautar gwarzon sababbin shiga, ƙuri'a 99 cikin 99, ba wanda ya saɓa.

Masu zaɓe sunka taru,
Kowa ya rubuta, ba a ɗaru,
Yaya Bazazzagi, mi ya faru?
Ko naka na can bayan bango?

Bazazzagi Sifili Biyu
Barka. Lillard ma da baki ɗaya aka ba shi irinta a 2013, har yau yana neman zoben cin kofi. Zan amsa miki da baiti in na taso daga aiki.

Malam Na-Arul
"Ba a ɗaru" ba Hausa ba ce, kuma "bango" Ɗan Fagge ya riga ya yi amfani da shi tun ranar farko. Malama Asabe, har yanzu ina jiran ki a kan "asara", na yanka ɗangon na tura miki tun mako biyu da suka wuce.