Wane suna za mu ba "monocoque" da Hausa?

1/ Jama'a, a taya ni neman kalma. Duk mai bayanin Lotus 25, motar tseren Formula 1 mai kujera ɗaya da Colin Chapman ya ƙera a Ingila a 1962, sai ya ci karo da "monocoque". Kalmar Faransanci ce, ma'anarta ɓawo guda.

2/ Kafin motar nan, da siraran bututun ƙarfe ake haɗa shasi, a yi musu walda, sannan a lulluɓe da bodi. Chapman ya watsar da bututun. Ya lanƙwasa fallayen alminiyam, ya ɗinke su da ƙusoshi, suka zama kwarin da direba ke shiga. Wannan kwarin shi ke ɗaukar nauyin injin Coventry Climax mai silinda 8, shi ke jure murɗawa a kwana. Man fetur na cikin jakunkunan roba a gefe da gefe, direba kuma kusan a kishingiɗe yake tuƙi don motar ta yi ƙasa, iska ta rage tare ta.

3/ Motar ta fara fita tsere a Zandvoort ta ƙasar Holan a 1962. A shekarar direbanta Jim Clark ya ci tsere 3, amma kambun duniya ya kuɓuce masa a tseren ƙarshe a Afirka ta Kudu saboda yoyon baƙin mai, Graham Hill ya ɗauka. A 1963 kuwa Clark ya cinye tsere 7 cikin 10.

4/ To, "ɓawo guda" bai kwanta mini ba. A wurinmu ɓawo abin ɓarewa ne a yar, alhali a motar nan shi ne ƙarfinta gaba ɗaya. "Bodi guda" ma zai ruɗa makanikai, don bodi a bakinsu rufi ne da ke zaune kan shasi.

5/ Shawarata: ƙirar ƙwarya. Ƙwarya ba ta da ƙashi a ciki, ba ta da nauyi, amma jikinta kaɗai ke riƙe abin da aka zuba mata. Sunan kuma siffa yake nufi, shi ya sa zai hau motocin yau, tunda daga motar McLaren ta 1981 aka fara komawa zaren kabon maimakon alminiyam.

6/ Ku ji ta a jimla: "Lotus 25 ce motar Formula 1 ta farko mai cikakkiyar ƙirar ƙwarya."

Saura tsohuwar ƙirar, mai bututu. Masu walda da masu gyaran bodi, me kuke ce mata a gareji?