Waɗanda suka taɓa karanta bede (littafin labarin zane) na fotokopi, ku matso

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Shekaranjiya ina kwashe kaya daga ɗakin tsohuwa saboda rufin ya fara yoyo, sai na ci karo da wani ɗan littafin zane a ƙasan akwatin ƙarfe, gara ta ci gefe ɗaya amma sauran yana nan. Shafi 16 ne, baƙi da fari, fotokopi aka yi aka ninke aka buga ma shi agaraf biyu a tsakiya, har sun yi tsatsa sun ɓata takardar. Wani yaro da ke gaba da mu da aji biyu a lise ne ya zana shi, yana saida ma mu dala ashirin lokacin rekireyasiyo. Labarin wani ga-ruwa ne da ya tashi tun asuba yana neman fanfo mai ruwa a Damagaram, ya bi Birni ya bi Zengo ya faɗa Sabon Gari, duk inda ya je layin bido ya riga shi, daga ƙarshe ya samu ruwan da la'asar sai jaki ya ture kurar. Wallahi na zauna a ƙasa na karance shi ina dariya ni kaɗai, tsohuwa tana leƙowa tana cewa lafiya kuwa. A ƙarshen labarin an rubuta "a biyo mu kashi na 2", yau shekara nawa ban ga kashi na 2 ba. Shi ya sa na ce bari in tambaya, wa ya taɓa riƙe irin waɗannan, ba na manyan kamfanoni masu bango mai sheƙi ba, irin wanda mutum ɗaya ko abokai biyu suka zana suka buga da kuɗin aljihunsu? A ina kuka samu, kuma ina ya ƙare?

Tsohon Mushe:
Wa'alaikumus salam ɗana. Mu a zamaninmu Kouakou muka buɗe ido da shi, wani bede ne na yara, ana kawo shi lakwal, amma kar a haɗa, wannan daga Faransa ake buga shi, ya fara 1966 ya tsaya 1998, akwai kuɗin gwamnatinsu a bayansa. Abin da ya haifar ne ya shafi tambayarka. Duk ajin da Kouakou ya shiga sai ka ga yaro ɗaya ko biyu sun yage tsakiyar kaye suna ja ma kansu gidajen zane da regil suna zana nasu. Da na fara koyarwa wajen Matamaye na ƙwace irinsu sun fi goma, kuma in faɗa muku gaskiya ban taɓa yaga ko ɗaya ba, gida nake kai su in karanta da fitila. Akwai wanda ya zana ni da kaina, kai kamar tulu, bulala ta fi ni tsawo. Na yi ma shi faɗa a gaban aji, da dare kuma na nuna ma mai ɗakina ta yi dariya har da hawaye ta ce ai bai yi ƙarya ba wajen kunnuwa.

Ƴar Garin Malam:
Baba Mushe kenan, ashe ku ma kuna karantawa kuke hana mu 😂 Ni nawa a hannun yayata na gani, wata ƙawarta ce ta zana lokacin suna Jami'ar André Salifou. Kofi talatin kawai ta yi ta raba ma ƙawaye. Labarin amarya ce da uwar miji a gida ɗaya, ba wani sabon labari ba ne, littattafan Kano sun yi shi sau dubu, amma abin da ya kama ni shi ne tsakar gidan. Turmi yana nan inda muke aje namu, igiyar shanya, randa a gindin bedi, buta a bakin makewayi, har kazar da ba ta jin kora. Ban taɓa ganin gida irin namu a cikin littafin zane ba sai ranar. Kuma da Hausa suke magana, Hausarmu ta nan, uwar mijin tana cewa "ke ɗiyar nan" na ji muryar gwaggona sak. Babanmu da ya gan shi ya ɓata rai ya ce zanen mutane ba kyau, yayata ta ɓoye a cikin zannuwa, bayan aurenta muka neme shi sama da ƙasa babu. Har yau muna zargin ƙanenmu ne ya ba mai ƙosai.

Mai Fotokopi:
To ga wanda abin ya bi ta hannunsa. Shekara shida ina riƙe da injin fotokopi a wani ɗan shago kusa da Kasuwar Dole, irin waɗannan yaran sun zo mini ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, kuma kusan dukansu kuskure iri ɗaya suke yi. Na farko su zo da zanen kiriyon. Kiriyon a ido yana da kyau, inuwa-inuwa, amma inji ba ya ganin toka-toka, ko ya share ta gaba ɗaya ko in ka ƙara ma shi duhu ya maida takardar duka kamar an shafa gawayi. Sai ka bi zanen da baƙin bik ko feter, shuɗin bik ma yana fitowa dishi-dishi. Na biyu lissafin shafi. Takardar A4 ɗaya in ka ninke ta biyu shafi 4 take ba ka, to littafinka dole ya zama 8 ko 12 ko 16 ko 20, in ka zo da shafi 14 sai ka bar biyu fari ko ka ƙara zane. Kuma ba 1 da 2 ake jerawa gefe da gefe ba, in shafi 16 ne to 16 da 1 a fuska ɗaya, bayanta 2 da 15, sai 14 da 3, haka har ka iso 8 da 9 a tsakiya. Akwai yaron da bai saurare ni ba, ya ce shi ya san abinsa, muka buga kofi ashirin aka ninke sai ga jarumi ya mutu a shafi na 3 ya dawo yana shan fura a na 4. Kuka kawai bai yi ba. Na raba asarar da shi don tausayi.

Agarafez ɗin shago kuma hannunta gajere ne ba ta kai tsakiya, sai mu buɗe ta mu ɗora takardar kan katifar soso mu danna mu lanƙwasa ƙarfen da wuƙa. Wani ma wajen tela ya kai nasa aka bi tsakiyar da keke, kuma in gaya muku ɗinkin telan ya fi daɗewa. Abu ɗaya da zan ce ma masu ajiya, kar ku sa shi cikin leda lokacin zafi, watan Afrilu tawadar inji tana manne ma leda ta bar takarda.

Ɗan Birni:
Allah ya saka malam, yanzu na gane abin da ya sa shafi biyu na ƙarshe a nawa zanen tallan shayi ne kawai, cike gurbi ya yi ashe.

Ɗan Abijan:
Ni a ci-rani na kamu. Shekara huɗu ina unguwar Ajame ta Abijan wajen kawuna, can ne na san Gbich, jaridar barkwanci ta zane da masu zanen ƙasar suka kafa da kansu a 1999, duk sati take fita. Faransancinsu na titi ne, da farko rabi nake ganewa, amma zanen yana ƙarasa maka sauran. Da zan dawo na ɗauro wajen ashirin a cikin buhu tare da sabulai da atamfa. Na kai fadarmu, to nan fa, shayi na farko bai sauka ba an raba su, kowa ya ce gobe zan maido. Guda uku suka dawo, ɗaya da tabon miya. Abin da ya ba ni mamaki shi ne wani abokinmu makaniken moto da bai yi lakwal ba, shi ya fi kowa son su, yana bin gida-gida da yatsa yana ba da labarin da Hausa yadda ya ga dama, wani lokaci nasa ya fi na asalin daɗi. Tun ranar nake cewa da za a samu irin wannan da Hausa duk sati a garin nan ko dala hamsin ne za a saya. Amma wa zai ɗauki nauyin takarda.

Ƴar Mirya:
Yaya Ɗan Abijan za a saya kofi ɗaya, mutum arba'in su karanta. Nan gizo ke saƙa.

Ɗalibin Tarihi:
Bari in kawo nawa, ya ɗan bambanta. Wani ɗan ajinmu ya zana labarin kisan Kaftin Kazamaju, sojan Faransa, a Damagaram a 1898 zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, ya yi niyyar kai shi har yaƙin Tirmini na 1899, shafi 24 ya yi ya tsaya daidai inda Bature ya iso bakin gari. Ya zauna kwana da kwanaki gaban fada yana kwafe ƙofar da zanen bango, dogarai da jan riga, duwatsun Birni, komai. Abin da muka yi ta gardama a kai shi ne ƙarar abubuwa. Mun saba a beden Turawa bindiga ta ce "pan", mutum ya faɗi a rubuta "boum". Shi kuwa ya rubuta "tim" in mutum ya faɗi, mari "fau", guga ya faɗa rijiya "tsulum", dawakai "sukutum sukutum". Wasu suka ce abin dariya ya zama, ni kuwa na ce wannan ne karo na farko da na ji ƙara a takarda da kunnena na gida. Hausa ta fi kowane yare da na sani arzikin irin waɗannan kalmomi, kamar don bede aka yi su. Wahalarsa ɗaya, maganar Hausa tana da tsawo, sarki in zai yi magana sai an yi gaisuwa da kirari, da'irar maganar ta cinye rabin gidan ta rufe rawanin mutum.

Kuma kar mu ɗauka mu kaɗai ne. A Kinshasa akwai Papa Mfumu'eto da ya yi suna a shekarun 1990 da ƴan littattafai kan takarda mai arha, da Lingala, ana saidawa a kasuwa. A Faransa ma masu zane ne suka haɗu a 1990 suka kafa L'Association don su buga abin da manyan kamfanoni ba su so, su ne suka fitar da Persepolis ta Marjane Satrapi daga 2000, ita ma baƙi da fari. Mu nan muna da Mustafa Alasan, Allah ya jiƙansa ya rasu 2015, da ya yi fim ɗin zane da kwaɗi tun 1966. Hannu dai akwai shi a ƙasar nan.

Tsohon Mushe:
Ɗana wannan abokin naka yana ina yanzu? In yana gari ka kawo mini shi, akwai abin da kakata ta ba ni labari game da ranar Tirmini, in ya so ya sa.

Ɗalibin Tarihi:
Baba yana Agadas yana aikin gini, amma ina da lambarsa, zan gaya ma shi. Asalin zanen yana wajen mahaifiyarsa.

Kabu-kabu 227:
Ku kuna maganar takarda, mu yanzu a waya muke karantawa. Akwai na ƴan Legas, Comic Republic, kyauta suke sawa a intanet tun wajen 2013, jarumai masu tashi sama da kala mai kyau, amma Turanci ne kuma yana shan mega kamar rakumi a bakin rijiya. Wanda na fi so wani ne da ake turowa a WhatsApp, hoto-hoto, ban san ma wa ke zana shi ba don an tura an tura har sunan da ke ƙasa ya goge. Ɗan kabu-kabu ne da fasinjojinsa, hajiya mai buhu uku da ke cewa kaya kaɗan ne, da wanda sai an iso zai ce bari in shiga in ɗauko canji ya fita ta ƙofar baya. Duk ya faru da ni. Matsalar waya ita ce hotunan ba sa zuwa a jere, ka karanta 7 kafin 4, sannan ranar da wayata ta faɗa kwata komai ya tafi. Na Ɗan Birni gara ta ci gefe amma ga shi yana hannunsa.

Ƴar Garin Malam:
Ni tambayata ga Mai Fotokopi, in aka kawo tsohon kofi kamar na Ɗan Birni za a iya sake bugawa? Ina son in nuna ma ɗiyata, ita Naruto, beden Japan, kawai ta sani, har daga dama take fara buɗe littafi kamar allo.

Mai Fotokopi:
Za a iya hajiya, amma kofin kofi yana ƙara duhu, layukan sirara suna ɓacewa. Gara a cire agaraf ɗin a hankali a yi sikan kowace takarda a shimfiɗe, a goge tabon tsatsa a ordinater sannan a buga. Takarda huɗu ce gaba da baya, ba zai wuce dala arba'in ba kowane kofi. Sai dai a nemi mai shi tukuna a gaya ma shi, guminsa ne.

Ɗan Birni:
Gaskiya ne. Sunansa na baya ne gara ta cinye, amma na tuna gidansu yana bayan masallacin unguwarmu, gobe in Allah ya kai mu bayan la'asar zan leƙa in tambayi tsofaffin gidan. In na same shi kafin maganar sikan sai ya gaya mini abin da ya faru da ga-ruwan nan bayan jaki ya ture kura, dala ashirin ɗina na biya ai.