Yaushe rabonka da gidan abokinka, ba don biki ko rasuwa ba?

Ɗan Ƙofar Rini:
Assalamu alaikum jama'a. Wani abu ne ya tsaya mini a rai tun ranar Talata, na ce bari in kawo shi mu ji ko ni kaɗai ne. An yi wa wani abokina rasuwa, mahaifinsa, Allah ya jiƙansa. Tare muka yi makarantar allo da shi, tare muka yi firamare, a kwano ɗaya muke cin tuwo a zauren gidansu. Bayan an dawo daga maƙabarta muna zaune kan tabarma, ya tashi zai tari baƙi, sai na ga yana jan ƙafa. Na ce lafiya? Ƙanensa ya ce ai hatsarin babur ya yi tun kafin azumi, wata biyu yana kwance. Wallahi ban sani ba. Ga shi muna guruf ɗaya na WhatsApp, duk Juma'a sai ya turo addu'a, ni kuma in ce amin. Ashe daga kan katifar jinya yake turowa.

Shi yana cikin garin Sakkwato, ni na koma unguwar Bado tun da na yi gini. Ba Kano na tafi ba, ba Abuja ba. Da na lissafa, rabona da gidansu ya haura shekara biyu, kuma shi ma ɗaurin auren ƙanwarsa ne ya kai ni. To ku yaya kuke yi da abokai a garin nan?

Baban Yara Mabera:
Allah ya jiƙan mamaci. Malam, kada ka ɗora wa kanka laifi da yawa, ka ɗora wa fetur rabonsa. Kafin a cire tallafi a ƙarshen Mayun 2023 lita ba ta kai naira 200 ba, cikin 'yan kwanaki ta haura 500, daga baya ta wuce 1,000. Da can in na tashi ofis sai in biya ta Gawon Nama in gaida wannan, in zagaya Runjin Sambo in sha shayi wurin wancan, sai Isha'i in shigo gida. Yanzu man da na zuba ranar Litinin lissafinsa a kaina yake: ofis, makarantar yara, gida. Duk wata kwana da ba ta cikin wannan, sai in akwai dalili. Kuma abin kunya, “na yi kewarka” ba ya shiga sahun dalili, amma jana'iza tana shiga.

Tsohon Kanwuri:
Allah shi gahwarta mashi. Ni abin da ni ka gani, ba waya tab ɓata zumunci ba, ba mai ba, gini na. Duk wanda yas samu ɗan abin hannu sai shi sayi hili can Bado ko Arkilla ko hanyar Kalambaina, shi ja katanga, shi kahwa ƙyauren ƙarhe, shi mance da zaure. To gidan da babu zaure, ina baƙo za shi zamna? Sai ka tsaya waje cikin rana kana buga waya a buɗe maka, awa wanda yaz zo biyar bashi. Sau biyu in anka yi maka haka, ba ka komawa.

Mu nan majalisammu ta hi shekara talatin wuri guda, gindin wani dogon yaro, ƙohwar gidan ɗan'uwanmu. Ana sallame La'asar a shimhiɗa tabarma, ana kiran Magariba a naɗe. Ba mu da shugaba, ba mu da takarda. Mu goma sha huɗu munka hwara, yanzu shidda munka rage. Ukku sun riga mu gidan gaskiya, sauran gini yaɗ ɗauke su. Ƙa'idarmu guda ta: mutum yay yi kwana ukku ba a gane shi ba, ana idar da Magariba sai mu tashi mu tahi gidanai. Ba mu aika yaro, ba mu buga waya. Da abokinka na cikin irin wagga majalisa, ranar da yah hwaɗi za ka ji.

Na Gidan Dare:
Baba, da girmanka, amma a faɗi ɗaya gefen. Ni majalisa na bari da gangan. Matar wane ta fita, wane ya sayi mota ina ya samu kuɗi, 'yar wane ta dawo gida. Duk wanda ya gitta sai an yanka shi an feɗe. Ranar da na tashi da wuri na manta hulata na dawo, na tarar ni ne a kan faranti. Tun daga nan na kama kaina.

Tsohon Kanwuri:
Ɗana, wagga ba majalisa ba ta, mahauta ta. Ka yi daidai da kab bar ta. Amma ka nemi wata.

Maman Biyu Runjin Sambo:
Ku maza kuna ma da gindin bishiya. Mu aure ne ke watsa mu. Mu bakwai ne tun sakandare, har Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari muka yi tare mu huɗu. Yau ɗaya tana Tamaje, ɗaya Gidan Igwai, ɗaya Kwannawa, biyu an kai su wajen jiha. Kuma mace ba ta cewa maigida “zan je hira”. Sai ki ce suna, ko barka, ko dubiya, ko gaisuwar rasuwa. Shi ya sa kuke ganin kamar son biki ne ya yi mana yawa. Wallahi rabin masu cika gidan biki ba amarya suka zo gani ba, ƙawayensu suka zo gani. Sai dai bikin ma ya zama nauyi: ga anko, ga ɗinki, ga gudummawa, ga kuɗin Keke Napep zuwa da dawowa. In wata ta yi miki biki lokacin naki, dole ki rama, in ba ki da shi sai ki ƙirƙiri ciwon kai ki zauna gida. Na san ƙawancen da kuɗin anko ya kashe, ba faɗa ba komai, kunya kawai.

Abin da ya riƙe mu shi ne adashi. Duk ƙarshen wata a gidan mai kwasa ake haɗuwa, kowa ta zo da zubinta a hannu. Mai gida ta dama fura ko ta soya masa, a baje a tsakar gida daga Azahar har La'asar sakaliya. Maigida ma ba ya musu, tunda ya san kuɗi za a kawo. Sai ga ƙarancin takardun naira a farkon 2023, lokacin canjin kuɗi. Babu tsaba, muka ce to kowa ta tura ta waya kafin abu ya lafa. Abu ya lafa, mu ba mu koma ba. Adashi na tafiya lafiya lau, ko sisi bai taɓa ɓata ba, amma muka shafe fiye da shekara ba mu zauna wuri ɗaya ba. A cikin shekarar nan ɗayarmu ta yi ɓari, ta yi yaji na wata uku a gidan iyayenta, duk ba mu sani ba, don zubinta na shigowa kan lokaci. Da uwar adashinmu ta ji, ta ce daga yau ko ta waya kika tura, sai kin zo da ƙafarki kin nuna mata shaidar. Wadda ba ta zo ba babu uzuri, ita ce ƙarshen kwasa. Kun ga yadda kowa ta samu lafiya.

Ɗan Kasuwa:
Akwai abin da kowa ke kewayewa, bari ni in faɗa. Kuɗi. Yau in ka ga kiran tsohon aboki da kuka daɗe ba ku gaisa ba, gabanka ne ke faɗuwa. Kana “ya iyali, ya zafi” kana jiran inda zai sauka. Shi ma wanda ba shi da shi yana gudun ya kira don kada a ce roƙo ya zo. Sai kowa ya yi shiru, mai shi na tsoro, marar shi na kunya.

Ni na ga duka biyun. Gobarar babbar kasuwa ta Janairun 2021 ta cinye mini shago. Kafin nan shagona majalisa ne, ba ka zuwa ka rasa mutum huɗu biyar kan benci, in an kawo abinci kowa ya sa hannu. Bayan wuta, saƙon jaje ya cika mini waya, ban raina ba. Amma wanda ya riƙa zuwa gidana kullum da yamma mutum ɗaya ne, tela, wanda ko cikin manyan abokaina ba na lissafa shi. Bai taɓa ba ni ko naira ba, ba shi da ita. Zai zo da rediyonsa mu saurari labaran yamma, mu yi Magariba, ya tafi. Wata huɗu yana haka. Yanzu na koma kasuwa, bencin ya sake cika, ina yi wa kowa fara'a. Amma na san wanda zan tashi tsakar dare dominsa.

Tsohon Ɗalibin Danfodiyo:
Ni zan ɗan kare waya. Ajinmu mun yi guruf bayan kammala jami'a, kuma da shi muka haɗa wa wani kuɗin aikin tiyata cikin kwana biyu, abin da majalisa ba za ta iya ba. Abokina na kusa mutumin gabashin jiha ne, wajen Sabon Birni, hanyar da yanzu ba ka bin ta don hira. Ba don waya ba da tuni mun rabu. Na gane haka a watan Satumban 2021 da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 saboda 'yan bindiga. Makonni ban san ko yana raye ba, sai dai in je tasha in tambayi direbobi. Daga baya wani direba ya kawo mini 'yar takarda da rubutun hannunsa, layi uku. Har yau tana cikin jakata.

Sai dai guruf ɗin ajin bai tsallake zaɓen 2023 ba. Mutanen da suka kwana ɗaki ɗaya shekara huɗu suka riƙa zagin juna saboda 'yan takarar da ba su san da zamansu ba. Abin da aka rubuta, da ido da ido ne ba wanda zai iya furtawa.

Mai Kabu-kabu:
Ku tambaye mu, mu ke kai ku. Daga Maris zuwa Mayu, in zafi ya haura digiri 40, babu mai ziyara da rana sai dole. Zumuncin Sakkwato na dare ne. Bayan Isha'i ku duba teburin mai shayi, wurin mai tsire, gidan kallon ƙwallo, ga kuma waɗanda rashin wuta ya koro waje da tabarmi. Ni abokaina a teburin mai shayi guda muke haɗuwa, ko ba ka da na ƙwai ka sha ruwan bunu a yi hira. Da azumi kuwa fasinjojina na bayan asham rabinsu gidan abokai suke cewa a kai su. Ana gama yawon Sallah sai a ɗauke ƙafa, sai wata shekara.

Ɗan Ƙofar Rini:
Na gode muku duka. Jiya na yi Juma'a a Masallacin Shehu maimakon na unguwarmu, ana sallamewa na sayi kilishi na taka zuwa gidan wani abokin namu daban, wanda shi ma rabona da shi tun wani suna. Na yi sallama, ya fito da sauri ko hula babu. Yana ganina ya dafe ƙirji ya ce, “Innalillahi, wa ya rasu?” Na ce babu kowa, hira na zo. Bai yarda ba sai da na rantse. Har muka ci rabin kilishin yana satar kallona, yana jiran in faɗi abin da ya kawo ni. Ban bar gidan ba sai bayan Isha'i. Mun yi da shi Juma'a mai zuwa tare za mu je wurin mai ciwon ƙafar.

Tsohon Kanwuri:
Madalla. In kun hito ku biyo ta wurinmu, ba nisa. Ku tambayi majalisar gindin dogon yaro, kowane yaro ya sani. Ku taho da goro, namu ya ƙare.