Don Allah a taya ni auna faɗin daular Imperium

Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau kwana uku ke nan lissafi ɗaya ya hana ni sakat. Musu ne ya kaure tsakanina da wani abokina a teburin mai shayi a Unguwar Rimi, nan Kaduna, kan girman daular Imperium ta wasan Warhammer 40,000. Shi cewa yake ta mamaye gungun taurarinmu kaf, ni kuwa na ce da sauran magana.

Labarin wasan ya ce daular tana da duniyoyi kusan miliyan 1. To amma gungun namu yana da taurari aƙalla biliyan 100, faɗinsa kuma kimanin shekarun haske 100,000 ne (shekarar haske ita ce nisan da haske ke tafiya cikin shekara guda). Ke nan tauraro 1 cikin 100,000 kacal ke hannunta.

Ga inda na cije. Da na ɗauki gungun a shimfiɗe kamar faifai, na raba filin, sai tazarar duniya da duniya ta fito kusan shekarun haske 90. Da na saka kaurinsa, wajen shekarun haske 1,000, sai ta koma kusan 200. Wanne zan riƙe? Ga kuma Terra, wato duniyarmu, hedikwatar daular, ba a tsakiya take ba, tana nesa da cibiya da shekarun haske 26,000, fitilar Astronomican da ke haskawa daga Terra, wadda jiragen daular ke bi a sararin samaniya, kuma ba ta kai ko'ina.

Shin iyakar hasken fitilar ce iyakar daular, ko duniyoyin da ke biyan haraji kaɗai zan ƙirga? Malaman lissafi, ku agaza, mun sa kuɗin shayin mako guda a kai.