Ƙofar rinjaye ta igiyar maganaɗisu a MuMax3: me ke rikita amsar?

ɗalibin_Akoka:
Assalamu alaikum malamai. Ina kwaikwayon ƙofar rinjaye (ƙofar lissafi da ke fitar da amsar da mafi yawan hannayen shiga suka bayar) a MuMax3, manhajar kwaikwayon maganaɗisu a kwamfuta: hannu uku na shiga, ɗaya na fita, zirin Permalloy (gamin nickel da ƙarfe) mai faɗin nanomita 100, kowane gidan raga (ƙananan gidajen da manhajar ke yanka zirin don lissafi) nanomita 10. Igiyar da ta zo daidai 0 ce, wadda ta zo a kife 1 ce. Amma a mafita 0,0,1 da 0,1,1 sai su fito iri ɗaya. Ina gizo ke saƙa?

Malama_Idi-Araba:
Wa alaikumus salam. Ɗana, me kake aunawa a mafitar? In ƙarfin igiya ne, dole su fito iri ɗaya, domin a duka biyun igiya biyu sun soke juna, ɗaya ta rage. Bambancin kawai shi ne wadda ta rage daidai take ko a kife. Ɗauki my (ɓangaren maganaɗisun da ke fuskantar y) na wurin fita a kan lokaci, ka jera shi da na 0,0,0, nan za ka ga amsar.

Sai tsawon hannaye. Na gefe biyu sun fi na tsakiya tsawo saboda lanƙwasa, kuma dole rarar ta zama cikakken zangon igiya, ɗaya ko biyu. Rabin zango kaɗai na mai da 0 ta koma 1. Permalloy kuma na cinye igiya cikin 'yan maikuromita, sai na gefe su iso a raunane, na tsakiya ya danne su ko da shi kaɗai ne. Shi ya sa gwajin da aka yi a Kaiserslautern ta Jamus a 2017 da YIG (yttrium iron garnet, wanda ba ya cinye igiya da sauri) aka yi shi. Ni da zan ba da shawara, koma YIG.

Injiniya_Agege:
Malama ta gama magana. Ƙari biyu, ɗan'uwa. Da Msat (iyakar ƙarfin maganaɗisu) 8e5 da Aex (ƙarfin musaya tsakanin maƙwabtan maganaɗisu) 13e-12 na Permalloy, tazarar musaya, wadda bai kamata gidan raga ya wuce ta ba, ba ta kai nanomita 6 ba, gidan 10 ya yi girma. Mai da shi 4 ko 5. Sannan igiya na dukan ƙarshen ziri ta dawo ta cakuɗe da mai tahowa. Ware yankuna da umarnin DefRegion a kowane baki, ka riƙa ɗaga alpha (ma'aunin cinye igiya) sannu-sannu daga 0.008 zuwa kusan 0.5. In ka ɗaga shi tashi ɗaya, shi ma mayar da igiyar zai yi.

Ɗan_Ikeja:
Rage gidan raga zai ninka aikin, kuma MuMax3 sai da katin NVIDIA. In kwamfuta tokumbo za ka saya a Computer Village, kasuwar kwamfuta ta Ikeja, gwada shirin a kanta kafin ka biya. Kira umarnin Relax() tukuna don maganaɗisun ya daidaita, ka ajiye m (yanayin maganaɗisun) da umarnin SaveAs, don in wuta ta ɗauke ka ci gaba daga nan.