Bargon ƙyallaye da ɗan abin hannunka: shawarwarin da na tsinta

Hira ta haɗa ni da wasu masu ɗinka bargon ƙyallaye a gida, kuma kusan bakinsu ya zo ɗaya: kar a fara da sayen yadi. Tsofaffin riguna na auduga, zanen gado da ya koɗe, da guntayen da suka rage daga ɗinki sun isa a haɗa saman bargo. Sai dai a wanke su tukuna, domin auduga tana tsukewa a wankin farko, jan yadi kuma yakan zuba ya ɓata farin da ke kusa da shi. Yadi mai talewa a ajiye shi gefe, yana karkatar da layi.

Bargon hawa uku ne: sama, ciko, da baya. A wurin ciko ne aka ɗan yi gardama. Wasu sun ce tsohon bargo mara kauri ya wadatar, wasu suka ce yana wahalar da allura. Ni na fi karkata ga na farko, in dai za a ƙulla hawa ukun da zare a kowane santimita 10 maimakon a bi su da ɗinki.

A yanki kwali murabba'i a riƙa auna kowane ƙyalle da shi, a bar kusan milimita 6 na bakin ɗinki, a goge kowane haɗi kafin a ƙara wani. Almakashi mai kaifi da zare mai ƙwari ne kawai kowa ya yarda a kashe musu kuɗi, don ruɓaɓɓen zare tun wanki biyu yake tsinkewa.